Wai an gano alamar shanyewar jiki a cikin jini: mu je mu yi gwajin?

Wata Hajiya daga Aboabo, nan Kumasi, ta aiko mini da tambaya. Yayanta ya samu shanyewar ɓarin jiki watan jiya, yanzu yana jinya a gida. Ana cikin haka aka turo mata saƙo ta WhatsApp wai masu bincike sun gano wani sinadari a jini wanda duk mai shi da yawa ciwon zai same shi, kuma akwai ɗakin gwaji mai zaman kansa da ke auna shi. Tana so ta san ko ita da ƙannenta su haɗa kuɗi su je. Ta kuma yi ƙorafin cewa likitoci yau su ce kaza na kawo ciwo, gobe su ce ba haka ba, to wanne za a kama?

Hajiya, sannu da jinya. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Tsoronki yana kan hanya, don wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta dole ya shafa wa nasa ruwa. Amma ki riƙe kuɗin nan tukuna. Na daɗe ina aikin lissafin binciken lafiya, wato ni ake kawo wa sakamakon gwajin mutane masu yawa in duba ko abin da aka gani gaskiya ne ko arashi, kuma irin wannan labari na "an gano alama a jini" na ga haihuwarsa na ga mutuwarsa ba sau ɗaya ba.

Ga yadda ake yin irin wannan bincike. A ɗebi jinin mutanen da suka kamu da ciwo, a ɗebi na masu lafiya, a auna wani sinadari, a kwatanta. Ba za a taɓa samun ɓangarorin biyu daidai wa daida ba, ko da sinadarin ba shi da haɗi da ciwon. Ko buhun gero ɗaya kika raba mudu-mudu, wani mudun zai ɗan fi wani nauyi. Saboda haka masu bincike suka sa wa kansu iyaka, wadda ta samo asali daga aikin wani Bature masanin lissafi, Ronald Fisher, a shekarun 1920: ba za a ɗauki bambanci da muhimmanci ba sai ya kai girman da arashi kaɗai ba ya kawo irinsa sai ƙasa da sau 1 cikin 20. Ƙa'idar tana da kyau idan tambaya ɗaya aka yi. Matsalar ita ce injinan yau suna auna sinadarai ɗaruruwa, har dubbai, daga ɗan jini kaɗan. Idan aka auna sinadarai 20 waɗanda babu ko ɗaya a cikinsu da ya shafi ciwon, yiwuwar a samu aƙalla guda da zai haye iyakar nan ta kai 64 cikin 100. Idan 1,000 aka auna, to a sa ran kusan 50 za su fito kamar masu alaƙa da ciwon, alhali babu komai a ciki.

Mu Hausawa mukan ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a zaman duniya maganar tana da gaskiya. Amma a cikin lambobi yakan yi. Ki tsaya a tsakiyar Kejetia ranar da kasuwa ta cika, ki rufe ido ki jefa tsakuwa sama. Dole ta sauka a kan wani. In ta sauka a kan mai jar hula, ba wanda zai ce tsakuwa tana neman masu jar hula. Da kin faɗa tun kafin jifan cewa mai jar hula za ki samu, kika kuma maimaita sau uku kina samunsa, to nan kowa zai tsaya ya duba. Yawancin labaran alamar jini da ke yawo a waya, bayan tsakuwar ta sauka aka zana da'ira a wurin aka ce nan aka nufa. Kin sha wuce masu lissafin loto a bakin titi da allunansu cike da lambobin da suka fito shekara da shekaru. Lamba 5 ake zaro wa cikin 90, injin ba ya tuna ta jiya, amma mai allon zai nuna maka tsari tsaf, kuma tsarin yana nan a kan allon da gaske. Abin da ba ya yi shi ne faɗin ta gobe.

Akwai misalin da nake so ki riƙe, domin manyan masana ne suka shirya shi da gangan. A 1988 aka buga sakamakon wani babban gwaji mai suna ISIS-2 a mujallar Lancet, wanda masana na Oxford suka jagoranta, ciki har da Richard Peto. Mutum 17,187 da ake zaton sun samu bugun zuciya aka sa a ciki, aka tarar asfirin ya rage mutuwa da kusan kashi 23 cikin 100. Don su nuna haɗarin yanka sakamako gunduwa-gunduwa, sai suka raba majinyatan bisa burujin da aka haife su. Abin da ya fito shi ne asfirin bai amfani waɗanda aka haifa a burujin Jauza'u da Mizani ba, har kamar ya ɗan cutar da su, amma ya yi wa sauran aiki sosai. Ba wanda ya yarda cewa taurari suna hana asfirin aiki, don haka kowa ya gane arashi ne. To da a ce maimakon buruji wani sinadarin jini ne mai dogon sunan Turanci, da tuni an rubuta dalilin da ya sa hakan ta faru, an kuma fara sayar da gwajinsa. Ko nan garin, a raba majinyatan kowane asibiti bisa ranar haihuwa, su Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai da Asabe, ko su Kofi da Kwame da Akosua, wallahi sai an samu ranar da masu ita suka fi kamuwa da wani ciwo.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan an gama binciken. Wanda ya auna bai ga komai ba, sau da yawa takardunsa a durowa suke ƙarewa. Wanda ya yi katari da sakamako mai ɗaukar hankali shi mujalla ke buga wa, shi jarida ke ɗauka, shi ke iso wa wayarki. Kina jin labarin mutum ɗayan da ya samu, ba kya jin na sha taran da suka nema ba su samu ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa John Ioannidis ya rubuta a 2005 cewa yawancin sakamakon binciken da ake bugawa ba sa tabbata, maganar da ta tayar da ƙura a lokacin. Amsar ƙorafinki ke nan game da yau kaza gobe kaza. Na yau ƙaramin bincike ne na farko, na gobe kuma shi ne babban da ya zo ya duba ko na farkon zai tsaya da ƙafarsa.

Ba na so ki fita daga nan da tunanin cewa duk bincike shirme ne, don haka bari in kawo miki wanda ya shafe mu kai tsaye, har da hannun garin nan a ciki, wato zazzaɓin cizon sauro. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu ɗauke da gadon sikila ɗaya, waɗanda muke kira AS, suna da kariya daga maleriya. An sake dubawa a ƙasashe daban-daban, cikin ƙabilu daban-daban, shekara bayan shekara, ana samun abu ɗaya: haɗarin maleriya mai tsanani yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. Bayan wannan, masu bincike suka yi ta fito da wasu ƙwayoyin gado suna cewa su ma suna kare yara, kowa da nasa, yawanci daga ɗan ƙaramin rukunin yara a gari ɗaya. Sai wata haɗakar masu bincike mai suna MalariaGEN ta tattara yara da manya daga wurare 12 a Afirka da Asiya da Oshiyaniya, har da Ghana, mutum 11,890 masu maleriya mai tsanani da 17,441 na kwatance, ta sake gwada wurare 27 na ƙwayoyin gado da aka ce suna da tasiri. Sakamakon ya fito a 2014. Biyar ne suka nuna alama, ciki har da na sikila, da rukunin jini na O, da G6PD. Sauran 22 ɗin ba su tsaya ba. Waɗanda suka ruwaito su tun farko ba maƙaryata ba ne, mutane ne masu ƙwazo da suka ga abu a samfurinsu suka faɗa, amma faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Cikin biyar ɗin da suka tsira akwai ATP2B4, wadda ke da alaƙa da yadda jajayen ƙwayoyin jini ke fitar da sinadarin kalsiyam. A jinin yaran Ghana aka fara gano ta, a binciken da aka buga a 2012 na haɗin gwiwar cibiyar KCCR ta nan Kumasi da cibiyar Bernhard Nocht ta Hambog a Jamus. Nakan ji daɗi idan na tuna wannan, don iyayen da suka yarda aka ɗebi jinin 'ya'yansu suna cikin tashin hankali ba su yi a banza ba. Irin wannan binciken da ke laluben ƙwayoyin gado gaba ɗaya ya koyi darasi. Tunda wurare dubban ɗaruruwa ake dubawa a lokaci guda, an matsar da iyakar daga 1 cikin 20 zuwa 1 cikin miliyan 20, kuma sai an sake samun abin a wasu mutane dabam kafin a yarda.

Arashi ba shi kaɗai ne ke yaudara ba. Akwai wanda ya faru da ni, kuma har yau ina tuna shi duk lokacin da sakamako ya yi kyau fiye da kima. A shekarun dumsor, lokacin da wuta ke ɗaukewa kusan kullum, aka kawo mini sakamakon wani ƙaramin bincike daga wani asibiti. Wani furotin ya bambanta sosai tsakanin majinyata da masu lafiya, bambancin da arashi ba zai kawo ba. Mun yi murna, har mun fara rubutu. Sai wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta ambata, a cikin hira kawai, cewa jinin majinyatan yana cikin firizar sashen jinya wadda kan narke idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, na masu lafiyan kuwa yana cikin wadda ke kan janareta. Ashe bambancin firiza biyu muka auna. Da muka ɗebi sabon jini muka ajiye wuri ɗaya, bambancin ya ɓace. Wata da watanni na aiki suka tafi, amma gara haka da a ce an buga shi wani ya gina kasuwa a kai.

Irin wannan ya faru a Amurka a idon duniya. A 2002 Lancet ta buga wani bincike da ya ce tsarin furotin a jini yana gano kansar ƙwan mace: ya kama duk mata 50 masu ciwon, ya kuma wanke 63 cikin 66 marasa shi. An fara shirin sayar da gwajin. Sai Keith Baggerly da abokan aikinsa a cibiyar MD Anderson suka sake bin ɗanyen bayanan, suka nuna cewa abubuwa da yawa da ke raba rukunonin sun fi kama da bambancin yadda aka sarrafa samfurin da yadda injin ya yi aiki. Gwajin bai zama abin da asibitoci ke amfani da shi ba.

A shanyewar jiki akwai wani tarkon na musamman. Yaushe aka ɗebi jinin? Idan bayan ciwon ya faɗo ne, to jikin mutum ya riga ya rikice. Sukari yakan hau, alamun kumburi sukan hau, ga rashin cin abinci, ga magunguna, wani ma ga ciwon huhu saboda kwanciya. Sinadarin da aka gani da yawa zai iya zama toka ce bayan gobara, a ɗauke ta a ce ita ta kunna wutar. Mun san wannan sarai da feritin, ma'aunin ajiyar ƙarfe a jiki: yaron da ke fama da maleriya feritin ɗinsa zai hau ko da jikinsa na ƙarancin ƙarfe. Binciken da zai iya cewa alama tana hango ciwo shi ne wanda ya ɗebi jinin mutane suna da lafiya, ya bi su shekaru, ya ga wa ya kamu.

Ko alaƙar ta tabbata, ba lallai ne sinadarin ya zama sanadi ba. An daɗe da sanin cewa masu yawan kitsen jini na HDL sun fi ƙarancin ciwon zuciya. Kamfanin Pfizer ya yi magani mai suna torcetrapib wanda ya ɗaga HDL da kusan kashi 70 cikin 100, aka gwada shi a kan mutum kusan 15,000, aka dakatar da gwajin a Disamban 2006 saboda masu shan sa sun fi mutuwa.

Yanzu mu dawo kanki, ranar da za ki karɓi takardar sakamako. A ce ciwo yana samun mutum 1 cikin 2,500, gwajin kuma yana kama duk mai shi, yana kuskure a kan 5 kacal cikin 100 na masu lafiya. Kamar gwaji mai kyau. A yi wa mutum 10,000: masu ciwon 4 ne, amma kusan 500 masu lafiya za a ce musu suna da shi. Haka kuma iyakokin da kike gani a gefen takardar gwaji, yawanci an tsara su ne su ɗauki 95 cikin 100 na masu lafiya, wato mutum 5 cikin 100 da ba abin da ke damunsu za su faɗa waje. In aka yi miki gwaji iri 20 a zama ɗaya, lissafin nan na 64 cikin 100 ya dawo, da wuya ki fita ba tare da jan layi a wani wuri ba. Ga shi wasu iyakokin ma daga jinin Turawa aka samo su. Mu 'yan Afirka ta Yamma da yawa fararen ƙwayoyin jininmu na nau'in nitirofil ba su kai nasu yawa ba, kuma lafiyarmu ƙalau, shi ya sa cibiyar bincike ta Kintampo ta yi aikin fitar da ma'aunin da ya dace da mutanen yankinta. Kin kuma san yadda gwajin Widal ya mayar da rabin zango masu taifot. Gwaji ne tun na 1896, kuma a wurin da mutane suka sha haɗuwa da ƙwayar cutar, yinsa sau ɗaya yakan nuna alama ga wanda ba shi da ciwon. Mutum nawa muka sani da suka sha maganin taifot zagaye uku a shekara saboda shi?

To a ce kun je, an ce ƙanwarki sinadarinta ya hau. Me za ta yi washegari wanda ba za ta yi ba in ba a auna ba? In babu maganin da aka tabbatar yana sauke sinadarin ya kuma rage shanyewar jiki, ta sayi fargaba ne da kuɗinta. Wanda aka ce nasa lafiya lau kuma ya fi ba ni tsoro, don zai iya sakin jiki ya daina kula da abin da ke kashe mu da gaske.

Abin kuwa an san shi, kuma a cikinmu aka auna shi. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitoci 15 na Ghana da Najeriya, har da Komfo Anokye da muke kira Gee, da na Accra da Kano da Zariya da Ibadan, ya kwatanta mutum 2,118 masu shanyewar jiki da wasu 2,118 masu shekaru da jinsi irin nasu. An buga shi a 2018. Hawan jini shi ne kan gaba da nisa, lissafinsu ya ɗora masa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin ciwon. Bayansa akwai matsalar kitsen jini, da ciwon sukari, da ƙiba ta ciki, da taba, da ƙara gishiri a kan abinci, da ƙarancin cin ganye. Hawan jini kuwa ya wuce duk tarkunan da na ambata: an same shi a ƙasashe da yawa, an auna shi shekaru kafin ciwon ya zo, kuma an yi gwaje-gwaje da suka nuna cewa sauke shi da magani yana rage shanyewar jiki.

Saboda haka ku je ku duka, amma ku je a auna muku hawan jini. Kowane asibiti ko kilinik na kusa yana yi, har wasu kantunan magani, kuma inshorar lafiya ta NHIS tana ɗaukar jinyar hawan jini in katinku bai mutu ba. A zauna a huta minti biyar kafin awon, kuma kada a yanke hukunci da awo ɗaya, a maimaita a ranaku daban. In yana kai wa 140 bisa 90 ko sama, likita ya gan ku. A haɗa da gwajin sukari da na kitsen jini. Da abin da za ku kashe a wancan gwajin, ku sayi injin awo guda na damtse ku ajiye a gida, ku riƙa rubutawa a littafi. A rage gishiri da dunƙulen miya da kifin gishiri irin su kobi da momoni, a ƙara zogale da alayyafo da kontomire. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi, ko don an kawo masa sassaƙe, domin hawan jini ba ya ciwo sai ya yi ɓarna.

Tunda na ambaci asfirin, kada kowa ya fara sha da kansa, kuma kada a ba Yaya sai likitansa ya ce. A binciken SIREN kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon jijiya ce ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan asfirin ƙara shi yake yi. Hoton kai ne ke bambance su. In wani a gidan ya ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko da ya warware bayan 'yan mintuna, a tare mota a tafi Gee a lokacin, kada a jira gari ya waye.